Sabar da Na Dasa a Zauren Malam

A baro na shigo da ita unguwarmu. Mai adaidaita ya kawo mu har Ƙofar Kibo, ya leƙa lungunmu, ya ce shi kam nan ya tsaya. Sai na kira mai baro muka ɗora ta, yana turawa ina bin sa a baya ina cewa a hankali, a hankali, kamar mai rakiyar mara lafiya. Matan maƙwabta suna ta leƙowa. Wata ta tambaye ni ko injin markaɗe na sayo. Na ce mata eh, gobe ta kawo wakenta.

Saba ce. Babbar kwamfuta ce mai nauyin buhun siminti, wadda ba a yi ta don mutum ya zauna gabanta yana danne-danne ba. Aikinta ta riƙe kaya a cikinta, ta riƙa miƙa wa duk wayar da ta nema. Ofishin da nake aiki a sashen kwamfuta ne suka sauya sababbi, aka yi gwanjon tsofaffin, na ɗauki wannan.

Karatun babanmu zan zuba mata. Malam ya shekara da shekaru yana karantarwa a zauren gidanmu, fiƙihu da hantsi, tafsiri da azumi. Wani ɗalibinsa, tela ne a Tudun Jukun, ya riƙa zuwa da rikoda yana ɗauka, kuma bayan rasuwar Malam sai ga shi da kaset-kaset cike da kwali. Na daɗe ina juye su zuwa kwamfutata ɗaya bayan ɗaya. Ana jin tarin Malam a ciki, ana jin kukan akuyar maƙwabta, ana jin inda yake tsayawa ya ce wa wani, "Kai, barci ka zo yi ko karatu?" Shi kuwa zauren ya mutu tun ranar da aka share makoki. An nannaɗe tabarmi an jingine. Baffa, ƙanin Malam, shi kaɗai ke zama da carbi da rediyo. Inna ma ta daina jin ana aiko mata da gaisuwa daga waje. Wannan shirun ne ya dame ni. Na ƙudura zan sa lasifika a zaure a riƙa jin karatun a lokacin da aka saba jin sa, wanda kuma yake son ya tafi da shi gida ya ɗauka a wayarsa nan take, ba sai da data ba. Yawancin ɗaliban Malam manoma ne daga ƙauyukan da ke kewaye da gari, ina suka ga data.

Kafin in gama kwance igiyar baro labari ya kai Kaduna. Yaya, babban wanmu, can yake aiki, kuma Baffa ba ya iya shan ruwa bai sanar da shi ba. Wayata ta yi ƙara.

"Auta, me nake ji? Wai kin kai inji zauren Malam?"

"Saba ce, Yaya."

"Na san saba. A ofis ɗinmu ɗaki guda aka ware mata, da esi mai sanyaya ɗaki, da janareta. Ke za ki ajiye ta a ɗakin ƙasa cikin bazarar nan? Kawo ta nan a yi abu yadda ake yi, a sa a intanet kowa ya ji."

Na ce zan ba shi kwafin karatun duka, ya sa a inda yake so. Ya ce ba kwafi yake magana ba, abin Malam ne, kuma shi ne babba. Na ce ai ban musa ba, shi ne babba, amma zauren yana Zariya. Ya kashe wayar.

Ranar Asabar da safe na shimfiɗa tabarma a zaure, na jona allo da kibod, na zauna aiki. Baffa ya gyara zama yana kallo, fuskar nan kamar an ba shi magani mai ɗaci. Mace a zaure, ga wayoyi ko'ina. Ban kula shi ba. Da na danna makunni sai fankokinta suka tashi da wani irin gurnani, har Baffa ya janye ƙafarsa yana a'uziyya. Na ce masa gaisuwa take yi, yanzu za ta sassauta.

Ba ta bar ni na shiga da daɗi ba. Mutanen ofis sun kulle ta da kalmar sirri tun daga ƙofar farko, wanda ya sa kalmar kuma ya bar aiki tuni. Na kashe ta, na buɗe murfin, na zare wani ɗan batir mai kama da kwabo, na jira ta manta, na mayar. Ta buɗe. Na soka filas, ɗan abin ajiyar nan na kwamfuta, wanda na zuba babbar manhaja a ciki, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, wadda in babu ita sabar ƙarfe ce kawai. Na umarce ta ta tashi daga filas ɗin. Na goge duk tarkacen ofis. Faifan ajiya biyu ne a cikinta, na haɗa su yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya za a rubuta a ɗaya, in wannan ya mutu wancan yana nan. Rubutu fari yana ta gudu a baƙin allo, ya kai kusan rabi, sai aka ɗauke wuta.

Baffa ya ce, "To."

Na ce babu wani to. Na ja waya daga batiran sola da ke cikin gida, na sake daga farko. Abin da ya kamata in fara yi ke nan, amma ɗoki bai bar ni ba. Wannan karon ta kai ƙarshe, ta sake tashi da kanta, ta nemi sunana da kalmata. Daɗin da na ji a lokacin ban san yadda zan faɗe shi ba, har wata 'yar guɗa ta kuɓuce mini, Baffa ya harare ni.

Kafin in zuba karatu ko ɗaya sai da na sa mata manhajar awon lafiya. Wannan ita ke duba zafin jikinta, da gudun fanka, da lafiyar faifai, ta riƙa ajiyewa, ta zana maka layi ka ga yadda abin ya hau ko ya sauka cikin yini. Na sa ta gwada ƙwaƙwalwar na'urar har azahar, ba ta sami aibu ba. Na kuma gindaya mata sharaɗi da hannuna: in zafi ya kai wani mataki, ta kashe kanta kafin ta ƙone. Daga nan na tura ta kusurwar zaure a kan wani ɗan katako, na tara mutanen gida na yi musu kashedi da babbar murya cewa kada wanda ya taɓa ta, kada a matsar da ita, kada a ɗora mata komai. Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida tana ji.

Ranar da muryar Malam ta fara fita daga lasifikar nan, Baffa ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Ni ma na shige ciki na yi kukana. Kafin sati ya zagayo an warware tabarmi. Telan nan ya zo, tsofaffin unguwa suka zo, ran kasuwa manoma suka riƙa jingine babura a bakin lungu suna shigowa da wayoyinsu. Ana tashi sai ka ji an ce, "A gaida Hajiya." Inna ta koma dama kunu da yawa tana aikawa waje. Na ga ta fara sa turare da safe.

Sai sabar ta fara mutuwa.

Ina ofis Baffa zai kira ni, wai Malam yana tsakiyar bayani sai ɗif. In na dawo da yamma in kunna ta, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Washegari haka. Mutane su zauna suna kallon lasifika, daga baya su kakkaɓe riguna su tafi. Wani tsoho ya ce wa Baffa shi ba ya son a riƙa katse Malam haka, bai saba ba. Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi, domin gaskiya ya faɗa.

Yaya ya zo da kansa wata Lahadi. Ya gaida Inna, ya ci abinci, sannan ya sa aka kira ni zaure. Yana tsaye a kan sabar, hannu a aljihu.

"Na faɗa miki. Zafin garin nan ba za ta iya ba. Kin mai da karatun Malam abin wasa, yana magana ana datse shi a gaban mutane."

"Taɓa bangon nan, Yaya. Zauren nan ya fi ofis ɗinku sanyi."

"To me ke kashe ta?"

"Zan gano."

"Yaushe? In ta ƙone?"

Na ce in ta ƙone ni ta ƙone wa, ni na ɗauko ta, ni na dasa ta, kuma ko shi ya san ba a banza ake ba ni albashi ba. Baffa ya ce, "Ke, wanki ne fa." Na ce na sani, Baffa, shi ya sa ban ɗaga murya ba. Yaya ya dube ni ya ce magana ɗaya zai yi: in ta sake mutuwa zai aiko direba ya ɗauke ta, kuma ba shawara yake nema ba. Na ce Allah ya kai shi lafiya.

Yana fita na jona allo na buɗe manhajar awon. Da ma na leƙa ta a gurguje na ga zafi ne ke kashe ta, na buɗe na duba fanka, na sauya inda nake jona wayar wuta, duk a banza. Yanzu sai na zauna na bi layin nan yini bayan yini. Zafin bazara a hankali yake hawa, ya kai ƙarshensa bayan azahar. Wannan kuwa da safe yake tashi, lokacin da gari bai ma gama ɗumi ba, kuma tsaye yake miƙewa. Fanka su yi ta gudu iya ƙarfinsu, zafin bai sauka ba, sai ta bi umarnina ta kashe kanta. Na kuma lura da wani abu: Asabar da Lahadi layin a kwance yake. Ranakun da nake gida ke nan. Ashe sabar ba ta da ciwon komai, jira ake in fita.

Ranar Litinin ban iya guje wa ofis ba, ta mutu, Baffa ya kira Kaduna. Ranar Talata na yi shiri kamar kullum, na ɗauki jaka, na yi wa Inna sallama. Na fita har Ƙofar Galadima, na tsaya wajen mai ƙosai na ɓata lokaci, sannan na juyo. Na shigo zaure ba sallama, abin da ban taɓa yi ba.

Inna ce durƙushe a kusurwa. Ta ɗora sabar a kan matashin da Malam ke jingina da shi, ta lulluɓe ta da alkyabbarsa, baƙar nan mai kauri ta zuwa idi, tana cusa gefen a ƙarƙashi da kyau don kada iska ta shiga ta ko'ina. Baffa na gefe, shi ya taya ta ɗagawa. A ƙarƙashin alkyabbar ana jin fankokin sun fara kuka.

"Inna!"

Ta juyo ba tare da ta firgita ba. "Kin yi mantuwa ne?"

"Ke ce? Duk kwanakin nan ke ce?"

"Ni ce me? Na rufe ta. Kin zo kin ajiye karatun Malam a ƙasa, a buɗe, inda ake tuɓe takalma. Ayoyin Allah ne a ciki ko ba su ba ne? A gidan nan kika taɓa ganin an bar littafi haka?"

Ban taɓa gani ba. A gidanmu ko takarda ce da rubutun Larabci aka tsinta a ƙasa, sai an ɗauke ta an soke a bango. Littattafan Malam kowanne da gafakarsa ko ƙyallensa, kuma a sama suke. Ni kaina da hannuna na sha naɗe su. Da zan ajiye sabar sam abin bai zo mini ba, don ni ƙarfe da faifai nake gani. Wai ashe kowace safiya ina fita za ta rufe, da la'asar Baffa ya yaye ya aika mata da alkyabbar ciki kafin in dawo, tunda na ce kada a taɓa. Kuma duk mazajen da ke zama a zauren nan sun gani. Telan ya gani, tsofaffin sun gani, manoman sun gani. Babu wanda ya ga abin faɗa, domin a wurinsu haka ya dace. Unguwa guda ta taru tana kallon ana shaƙe mini na'ura, kowa na cewa madalla.

Na ce, "Inna, numfashi take yi. Ta gaba take shaƙar iska, ta fitar ta baya. In kin rufe ta zafi ke kashe ta. Ita ce mutuwar da take yi."



Inna ta ce, "To ta yi haƙuri. Ba zan bar shi a tsiraice ba."

"In ta sake mutuwa Yaya zai ɗauke ta."

"Gara ya ɗauka da a wulaƙanta shi a gidansa."

Ban taɓa sa hannu na warware abin da Inna ta ɗaura ba, tun ina yarinya. Ranar na yi. Na durƙusa a gabanta na zare gefen alkyabbar daga inda ta cusa, na yaye ta gaba ɗaya, wani zafi ya bugi fuskata. Na janye matashin. Na ninke alkyabbar na miƙa mata da hannu biyu, na ce ta yafe mini, amma muddin ina gidan nan ba za a sake rufe ta ba, kuma ba za ta je Kaduna ba. Inna ta dubi alkyabbar, ta dube ni. Ta karɓa ta shige ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita, da Baffa, da kaina.

Ban koma ofis ba. Na je na taho da kafinta, na nuna masa bangon gabas, sama da inda kan mutum yake kaiwa in yana tsaye. Ya kafa katako mai ƙarfi, ya yi mata gida da raga gaba da baya yadda iska za ta ratsa. A sama ya fito da sanduna biyu kamar rumfa. Muka ɗaga ta muka ɗora, na sake ja mata wayoyi, na kunna. Na samo farin ƙyalle mai tsabta na shimfiɗa a kan sandunan, yana inuwa a kanta, bai taɓa ta ba. Na zauna ina kallon layin zafi har la'asar, yana kwance abinsa. Baffa ya ɗaga kai ya duba ya ce, "Yanzu kam ta fi mu tsawo." Na ce da ma can ta fi mu.

Inna ba ta fito ta gani ba. Ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. In na gaishe ta ta amsa a gajarce, ta ci gaba da abin da take yi. Kunu dai bai fasa fita zaure ba. Na kira Yaya na ce an gyara, ya tambaye ni me ya same ta, na ce abin da ya same ta ya wuce. Da na faɗa masa gaskiya da na wanke kaina, amma da ya samu abin da yake nema, ya ce ga shi nan, gidan ba su san yadda ake riƙe ta ba. Kuma ba zan kai ƙarar uwata wurin ɗanta ba. Ya ce shi ya riga ya yi magana, ta mutu ranar Litinin, direba na zuwa Asabar.

Direban kuwa ya zo, da hantsi, ana tsakiyar karatu. Zaure cike. Ya bar mota a bakin titi ya shigo da ƙafa, ya yi sallama, ya ce Alhaji, wato Yaya, shi ya aiko shi ɗaukar inji. Na fito na tsaya a ƙarƙashin katakon na ce babu injin da zai ɗauka. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya ce shi ɗan aike ne, kada a sa shi a tsakiya. Ya ciro waya zai kira Kaduna. Mazajen da ke zaune duk suka sunkuyar da kai, Baffa ya kama jan carbi da sauri. Na san in Yaya ya ce a ba Baffa wayar, Baffa zai ce a sauke ta, kuma babu mai taya ni a cikinsu. Na rage muryar lasifika, na gyara tsayuwa.

Sai na ji motsin labule a bayana. Inna ce, da mayafinta har ƙasa. Ba ta taɓa leƙowa zaure da maza a ciki ba, ko a zamanin Malam. Mutane suka fara gyara zama suna gaishe ta. Ta ɗaga kai ta dubi katakon, da ragar, da farin ƙyallen, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya ga direban.

"Ɗan nan, mai da wayarka aljihu. Ka koma ka ce masa ni na ce. Malam ya fita daga gidan nan sau ɗaya, a kan makara, ina ji ina gani ban iya hanawa ba. Ba zai sake fita a bayan mota ba."

Direban ya ce to, Hajiya, ya sa takalmansa. Inna ta kama labule za ta koma, ta tsaya, ba ta dube ni ba ta ce, "Ke kuma ƙara muryar, ba na ji daga ciki."

Na ƙara.